Tsabar da Ke Faɗin Sunan Ciwo

A ƙasar Matameye, tun daga Dawce zuwa Kance har bakin iyaka ta wajen Daura, ba wanda ke lissafa ƙaya cikin masifu. Gonaki cike suke da gawo, da rassan magarya da bagaruwa ake shinge garka da garke, aduwa kuma tana zubar da tata ƙayar a kan turbar da yara ke bi su kai awaki kiwo. Mutum ya taka, ya zauna a gindin itace ya zare ta da matsefata ko da wata ƙayar, ya koma bakin aikinsa. Galibi a nan maganar take ƙarewa. Amma jefi-jefi ƙayar kan shiga da wani abu da ido ba ya gani, ta bar shi ƙarƙashin fata, shi kuwa ba ya gaggawa.

Watanni su wuce, wani lokaci shekaru. Sai a ji wani ɗan ƙullutu mai tauri a bayan ƙafa ko a tafinta. Ba zafi, ba zazzaɓi, ba ya hana noma. A hankali ya faɗaɗa, ƙafar ta yi nauyi, takalmi ya ƙi shiga. Daga nan fata ta fara buɗe ƙananan hudoji, wannan ya yi ta zubar da ruwa da mugunya sannan ya rufe, wani ya buɗe kusa da shi. A cikin ruwan nan ne ake ganin ƴan ƙwayoyi, ƙanana ƙwarai, masu launi. Likitoci suna kiran ciwon maisitoma, wasu su ce ƙafar Madura. Ba a ɗaukarsa daga mutum zuwa mutum. Daga ƙasa yake shiga, ta rauni, kuma ya fi kama samari majiya ƙarfi, manoma da makiyaya, waɗanda gida ya dogara da ƙafarsu.

Da yake ba ya zafi da farko, ba mai barin gonarsa da damina ya nufi likita saboda shi. A ce maruru ne, a shafa magani. A kai wa wanzami ya yi sakiya, ya ɗan saɓe, ya dawo. Wani ya ce taka aka yi, a koma neman karya sammu. Ban ga laifin mutane ba a nan, domin ciwon da bai hana ka barci ba da wuya ka sayar masa da akuya. Sai dai duk tsawon wannan lokaci abin yana ci, daga fata zuwa tsoka, daga tsoka zuwa ƙashi, yana huda shi ramuka-ramuka. Kafin a isa babban asibiti, sau da yawa maganar da ta rage ita ce ta yanke ƙafa.

Akwai wata gwaninta da ke tsayawa tsakanin mutum da wannan ranar, kuma ita nake so in bayyana, don ina ganinta cikin mafi kyawun abubuwan da ilimin likitanci ya haifar a yankinmu na Sahel. Gwanintar ita ce karanta tsabar da ciwon ke fitarwa.

Dalilin da ya sa take da nauyi shi ne, maisitoma ciwo biyu ne masu fuska ɗaya. Wani dangin fumfuna ne ke haddasa shi, wato ƴan'uwan abin nan da ke yi wa tuwon da ya kwana biyu gashi-gashi, da masu jawo makero da ƙyasbi a fata. Wani kuma bakteriya ce, wata iri mai miƙewa zare-zare har ta yi kama da fumfunar. Kumburi ɗaya, hudoji ɗaya. Amma maganin wannan ba ya taɓa wancan ko kaɗan. Na bakteriya yana jin ƙwayoyi da allurai, kuma mafi yawan masu shi suna warkewa ba tare da an yanke kome ba. Na fumfuna taurin kai gare shi, sai an haɗa magani na kusan shekara da aikin tiyata. Likitan da ya rikita su zai sa talaka ya sha maganin banza wata da watanni, ko ya yanke ƙafar da ƙwayoyi masu araha za su iya ceta.

Tsabar nan ba datti ba ce, ba kuma ƙaiƙayin da ya maƙale a rauni ba. Ita ce ƙwayar cutar da kanta, ta dunƙule zarurrukanta wuri guda don ta kare kanta daga dakarun jiki. Kowace irin ƙwayar cuta da yadda take dunƙulewa, da launin da take yi, da taurinta, da girmanta. Manomi yakan dubi abin da ke tafin hannunsa ya ce wannan gero ne, wannan maiwa ce. Haka gwanin wannan fanni yake duban bandejin da aka cire daga ƙafa.

In tsabar baƙa ce, fumfuna ce, babu tantama. A yankinmu galibi wadda ake kira Madurella mycetomatis ce. Tsabarta tana da tauri, in an danna ta tsakanin gilasai biyu sai a ji tana ƙaras-ƙaras, saboda fumfunar tana lulluɓe kanta da wani abu mai kama da siminti, ga kuma baƙin sinadari irin wanda ke ba fatar mutum launi. Waɗannan biyun suna cikin abin da ke hana magani ratsa ta. In tsabar ja ce, ƴar mitsitsiya da ba ta cika wuce rabin milimita ba, to bakteriya ce mai suna Actinomadura pelletieri, ita ma babu tantama, domin ita ce aka sani da wannan launi. In rawaya ce, mai tauri, dunƙulalliya, zato ya fi karkata ga Streptomyces somaliensis, ita ma bakteriya. In fara ce, babba, mai laushi da ke narkewa in an murje, ana tunanin Actinomadura madurae.

A kan farar tsaba ne ake gane gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo ya haddace cewa baƙi fumfuna, sauran bakteriya, sai ya yanke hukunci. Gwani ya san akwai fumfunoni masu farar tsaba, ya kuma san akwai dangin Nocardia da tsabarsu ta yi ƙanƙanta har ido ba ya kama ta, sai a ɗauka babu tsaba sam. Ya san busasshen jini kan yi baƙi ya ruɗi mai gaggawa, kuma jan tsaba kan ɓace cikin jinin da ke tsattsafowa. Saboda haka ba ya tsayawa ga launi. Yakan wanke tsabar da ruwan gishiri, ya ɗora a kan gilashi, ya ɗiga mata wani ruwan sinadari da ke narkar da tsoka ya bar zaren cutar, ya danne, ya leƙa ta madubin ƙara girma. Zaren fumfuna kauri gare shi, yana da gaɓoɓi. Na bakteriya siriri ne ƙwarai, bai cika wuce kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Wannan bambancin kauri, wanda ba ya buƙatar wata na'ura mai tsada, shi ke raba hanyar magani gida biyu.

Tun kafin madubi ma akwai tambaya, kuma tambayar ita kanta fasaha ce. Hudojin ba kullum suke zuba ba. Mai ciwo zai iya zuwa ranar da duk sun bushe. Majo, wato ma'aikacin jinyar karkara, in mai hankali ne, ba zai ce da dattijo, “Kana ganin ƙwayoyin cuta?” ba, don ba wanda zai amsa wannan. Zai ce, “Baba, in wurin ya fashe, ban da ruwa akwai abin da ke fitowa? Baƙi ne, ko ja, ko fari?” Sau da yawa mai ciwon ya daɗe da lura, ya sha gani a tsumman da yake ɗaurewa, ba wanda ya taɓa tambayarsa ne kawai. In bai lura ba, a ba shi bandeji mai tsabta ya ɗaura, a ce ya dawo da shi kada ya wanke. A tambayi garin da ya yi noma ko kiwo shekarun baya, domin inda cutar ta shiga ba lallai ne inda ta bayyana ba. Ba a kuma dogara da ko ya tuna ƙayar, don mafi yawan masu ciwon ba su tuna ranar da suka ji rauni.

Wannan sani ba dare ɗaya ya taru ba. A 1842 wani likita, John Gill, ya bayyana ciwon a Madurai da ke kudancin Indiya, inda sunan ƙafar Madura ya samo asali. A 1860 Henry Vandyke Carter ya raɗa masa sunan da likitoci ke amfani da shi har yau. A 1906 Alphonse Laveran, mutumin da ya fara ganin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin jini, ya bayyana ƙwayar da ke yin jar tsaba daga wani mai ciwo na Senegal. A 1913 Pinoy ya nuna cewa masu haddasa ciwon gida biyu ne. Daga baya masu bincike a Senegal suka samo wata fumfuna mai baƙar tsaba zaune a jikin busassun ƙayoyin itatuwa, abin da ya ƙarfafa zaton cewa ta ƙaya ciwon ke shiga. A Sudan kuma El Sheikh Mahgoub ya shafe rayuwarsa yana gwada magunguna, har shi da Ian Murray suka fitar da littafi sukutum a kan ciwon a 1973.

To ina Nijar a cikin wannan? A nan sunan Michel Develoux ke shigowa, likita Bafaranshe masanin ƙwayoyin cuta, wanda ya yi aiki a Yamai a shekarun 1980 kafin ya koma Dakar. A 1988 shi da abokan aikinsa suka wallafa bincike a wata mujallar likitanci ta Amurka a kan masu ciwon su 133 da aka gani a asibitoci biyu na ƙasar. Ba su tsaya ga ƙidaya ba. Sun bi tsabar masu ciwon suka gano irinta, sannan suka duba daga ina suka fito. Da aka ɗora wannan a kan taswira sai wani tsari ya fito fili. A Nijar na bakteriya ya fi na fumfuna yawa. A arewa, yankin hamada, mai rawayar tsaba ce ta fi. A kudu, inda ruwa ya fi sauka, jar tsaba ce ta yawaita. Baƙar tsaba kuwa ana samunta ko'ina, arewa da kudu.

A dubi abin da wannan ke nufi ga mutumin Dawce, wanda garinsu ke cikin wannan kudun. Littattafan da suka fi yawa a kan maisitoma daga Sudan suka fito, can kuwa wajen kashi 70 cikin ɗari na fumfuna ne. Likitan da ya karanta na Sudan kaɗai, ya zo Damagaram ya ga kumburarriyar ƙafa mai hudoji, zuciyarsa za ta ba shi wuƙa da maganin fumfuna mai tsada. Binciken Develoux ya ce masa ya dakata, ya nemi jar tsaba tukuna. Jar tsaba mugunya ce ta wani fanni: ta fi saurin ci, ta fi kumburi da zafi, tana saurin kai wa ƙashi, tana hawa har kaluluwar cinya, kuma ba ƙafa kaɗai take kamawa ba, ana ganinta a baya da ɗuwawu. Amma tana jin magani. Kotirimokzazol, wanda a Nijar aka fi sani da Bactrim, a Najeriya kuma Septrin, yana cikin ginshiƙan maganinta, in an sha shi a ƙa'ida na tsawon watanni ƙarƙashin kulawar likita. In ciwon ya yi nisa a kan haɗa da allurar amikasin, tsarin da Oliverio Welsh na ƙasar Meziko ya fito da shi a 1987, inda ake yin allurar mako uku cikin kowane zagaye na mako biyar, ana kuma auna ƙoda da ji don allurar na iya taɓa su. Binciken Develoux ƴan shafuka ne da aka buga shekaru fiye da talatin da suka wuce, amma har yau duk mai rubutu a kan maisitoma a Afirka ta Yamma sai ya koma gare su. A ganina wannan shi ne ainihin tasirin malami: ya faɗa wa likitan wani yanki abin da zai fara nema a jikin mutanen yankin.

Wanda ya kai wannan fasaha ƙololuwa kuwa shi ne Farfesa Ahmed Hassan Fahal, likitan tiyata a Jami'ar Khartoum. A 1991 ya kafa Cibiyar Binciken Maisitoma a harabar asibitin koyarwa na Soba. Labarinsa bai yi nisa da mu ba yadda za a zata. Jihohin Jazira da Sennar, inda ciwon ya fi ƙamari a Sudan, nan ne Hausawa da Fulani suka yi kaka-gida tun bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno ya kai jama'arsa bakin Kogin Nilu suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa. Gonakin audugar Jazira sun sha gumin ƴan'uwanmu, ƙayar can kuma ba ta tambayar yaren mai tafiya.

Abin da ya fara burge ni game da Fahal shi ne haƙurin rubutawa. Duk wanda ya shigo cibiyar an buɗe masa fayil: shekarunsa, garinsu, sana'arsa, inda ciwon yake, launin tsaba, abin da aka yi masa, yadda ta kaya. A 2015 suka fitar da bayanin mutum 6,792 da suka gani tsakanin 1991 da 2014. Kashi 76 cikin ɗari maza ne, kashi 64 ba su kai shekara 30 ba, kashi 76 a ƙafa ciwon yake, kashi 8 a hannu. Kashi 20 kacal suka tuna da wani rauni a wurin. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ɗalibai ne, yaran da ciwon ke cirewa daga makaranta. Kafin wannan, masana suna magana ne da abin da kowa ya gani a ɗan asibitinsa. Bayan wannan, an sami ƙasa mai tauri da za a tsaya a kai.

Na biyu, ya nemo hanyoyin ganin tsaba ba tare da an jira ta fito ba. Shi da abokan aikinsa suka nuna cewa siririyar allura da sirinji sun isa a zuƙo tsaba daga cikin ƙullutun da bai fashe ba. A 1997 suka bayyana yadda ciwon ke bayyana a na'urar hoton ciki, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita. Tsabar fumfuna takan fito da haske mai kaifi, ɗigo-ɗigo, cikin ramuka masu kaurin bango. Ta bakteriya takan fito lallausa, a cunkushe, ta kwanta a ƙasan ramin. Na'urar nan ta zama idon da ke leƙa cikin ƙafa, ta kuma nuna wa mai tiyata iyakar inda cutar ta kai, wadda galibi ta fi abin da ake gani daga waje.

Tiyatar kanta da nata sirrin. Fumfuna takan zauna cikin wata jaka da jiki ya gina mata. In mai aiki ya fasa jakar, tsaba ta watse cikin rauni, to ya shuka ciwon da hannunsa, bayan shekara zai dawo ya fi da. Don haka cibiyar Soba ta koyar da cewa kada a yi wannan aiki da ƴar allurar kashe zafi a ɗakin bandeji, ko da ƙullutun ƙarami ne. A fara ba da maganin fumfuna itirakonazol na wajen wata shida, domin yana sa jakar ta yi kauri ta tattara cutar wuri ɗaya. Sannan a shiga ɗakin tiyata sosai, a ɗaure jijiya don jini kada ya rufe ido, a ciro jakar ɗungurungum tare da ɗan naman lafiya da ke kewaye, a bincika kowane lungu. Bayan haka a ci gaba da magani, a kuma riƙa bibiyar mutum, don ciwon ya iya komowa. Wannan shi ya sa sakiyar wanzami, duk da kyakkyawar niyyarsa, take ƙara wa ciwon faɗi.

Sai kuma aikin da ba na ɗakin gwaji ba. Shekara da shekaru maisitoma ba ya ma cikin jerin cututtukan da duniya ta yarda an yi watsi da su, wato an manta da shi har a cikin waɗanda aka manta. Fahal da abokansa, irin su Wendy van de Sande ta Rotterdam a ƙasar Holan, wadda a 2013 ta tattaro duk rahotannin da aka taɓa bugawa ta zana taswirar ciwon a duniya, suka yi ta ƙwanƙwasa ƙofa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da cibiyar Soba a matsayin abokiyar aikinta. A watan Mayu na 2016 babban taron hukumar ya shigar da maisitoma cikin jerin. A 2022 kuma, da hukumar ta fitar da sunayen fumfunoni 19 da suka fi barazana ga ɗan Adam, masu haddasa maisitoma suna ciki. Wani zai ce takarda ce kawai. Amma da wannan takarda ma'aikatar lafiya ke samun hujjar ware kuɗi, kamfanin magani kuma ya ga dalilin saurare.

Ga shaida. A 2017 aka fara gwajin maganin maisitoma na farko a duniya irin wanda ake raba marasa lafiya da ƙuri'a, likita da mai ciwo duk ba su san wane magani aka ba wa ba. Cibiyar Soba ce ta yi shi tare da ƙungiyar DNDi da kamfanin Eisai na Japan, a kan mutum 104 masu baƙar tsaba. An gwada sabon magani, fosrabukonazol, ƙaramin awo da babba, da ake sha sau ɗaya a mako, da tsohon itirakonazol da ake sha kullum, kowa aka yi masa tiyata a wata na shida. Sakamakon da aka buga a 2024 bai ba sabon nasara a kan tsohon ba: bayan shekara guda, kashi 65 cikin ɗari na masu shan ƙaramin awon sabon sun warke, masu tsohon kuma kashi 75. Suka faɗi haka ƙarara ba tare da ƙawa ba, kuma wannan gaskiyar tana cikin abin da ya sa nake girmama su. Duk da haka gwajin ya koyar da abubuwa biyu masu daraja. Tsohon maganin da aka daɗe ana rainawa yana aiki fiye da zato in na ƙwarai ne, aka sha shi ba fashi, aka haɗa da tiyata mai kyau. Sabon kuma, da yake sau ɗaya ne a mako, ya fi sauƙin riƙewa ga makiyayin da ke bin dabbobi ko manomin da ke nesa da kantin magani.

A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartoum. Cibiyar ta rufe, ma'aikata suka watse, marasa lafiya suka rasa magani a tsakiyar jinya. Da aka samu komawa Soba a 2025, an tarar an wawushe ginin, ɗakunan gwaji sun lalace, tarin fumfunoni da samfuran da aka adana na shekaru da yawa sun salwanta. Abin baƙin ciki ne da ba shi misaltuwa, kuma asarar ba ta Sudan kaɗai ba ce, tamu ce. Sai dai akwai abin da aka riga aka fitar daga ginin tun kafin wuta ta iso: ɗaruruwan maƙaloli, ƙa'idojin jinya da aka rubuta, da likitocin ƙasashe da dama da aka horar. An sake buɗe wurin ganin marasa lafiya a Kassala, gabashin ƙasar, aiki bai tsaya ba.

Mafi yawan abin da waɗannan malamai suka gano bai fi ƙarfin ƙaramin gidan likita na karkara ba. Majo a Dawce ba ya buƙatar na'urar tantance ƙwayar halitta kafin ya yi zargin maisitoma. Alamomi uku ne: kumburi mai tauri marar zafi da ya daɗe, hudoji masu buɗewa da rufewa, da tsaba. Ko na farkon kaɗai ya gani a ƙafar saurayi manomi, ya isa ya hana a tsaga, ya tura shi asibitin gunduma a Matameye a duba da na'urar hoton ciki. In akwai tsaba, ya zuba ta a ƴar kwalba mai ruwan gishiri, ya rubuta launinta da garin mai ciwon a takardar turawa, domin mai karɓa a babban asibitin Damagaram ya san ta inda zai fara. A can ne za a ɗauki hoton ƙashi, a ga ko ramukan manya ne ƴan kaɗan, alamar fumfuna, ko ƙanana ne birjik, alamar bakteriya, a kuma shuka tsabar a ɗakin gwaji, inda fumfuna kan ɗauki makonni kafin ta tsiro ta nuna irinta.

Sauran aikin na bayani ne, kuma da Hausa ake yin sa. A gaya wa mai ciwo tun ranar farko cewa jinyar ta watanni ce, hudoji za su bushe tun cutar ba ta mutu ba, kuma wanda ya daina magani a lokacin zai dawo da ƙafa mafi muni. A gaya wa matar aure cewa itirakonazol ba ya tafiya da juna biyu, ta faɗa in tana zato. A tambayi mai shan maganin tarin fuka, don rifamfisin yana karya ƙarfin itirakonazol. A ce a sha shi bayan an ci abinci. A kuma gaya wa iyali cewa ba a ɗauka, kada a ware masa kwano ko tabarma, kada a fasa masa aure. Ga masu lafiya kuwa, takalmi mai rufe ƙafa lokacin sharar gona da yankan ƙaya, da wanke duk raunin ƙaya da ruwa da sabulu a ranar da aka ji shi.